Takarda a kan Jingina, da Abin da ya Gyaru da Abin da ya Ɓaci Cikinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta kuɗin ruwa, ya sanya rance sadaka tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka. Wagga takarda ce na rubuta a Dutsi, kusa da Daura, cikin jihar Katsina, domin almajirai masu karatun babin ciniki. Dalilinta kuwa, magana ta yawaita a wanga zamani cewa in an buɗe shagunan jingina bisa shari'a, irin waɗanda aka buɗe a ƙasar Malesiya, talaka za shi shiga harkar kuɗi, arzikinsa shi ƙaru. Wagga magana akwai gaskiya cikinta, akwai kuma abin dubawa. Na raba ta fasali biyar da rufewa. Ga Allah nike neman dacewa.

Tanbihi. Ka sani Bahaushe shina kiran ƙarin da ɗan kasuwa ke samu riba, Larabawa kuwa da wagga kalma suke kiran ƙari haramtacce. Domin kada su rikice maka, duk inda nike nufin haramtaccen sai in ce kuɗin ruwa. Haka kuma bashi ya fi rance faɗi. Rance shi ne ka ba mutum kuɗi ko hatsi shi maido maka da kwatankwacinsa. Bashi kuwa ya haɗa rance da kuɗin kayan da aka saya zuwa ajali. Ka riƙe wanga bambanci, hukunci mai girma na rataye gare shi.

Fasali na farko, cikin asalin jingina

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah shi fahimtar da mu da kai, jingina ita ce Larabawa ke kira rahanu, watau a ajiye dukiya hannun mai bin bashi domin shi amince, in ba a biya ba a sayar a biya shi daga kuɗinta. Halaccinta ya tabbata cikin Suratul Baƙara, aya ta 283, nan bayan ayar rubuta bashi. Ya tabbata kuma cikin Buhari daga Nana A'isha, Allah shi yarda da ita, cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Saboda haka babu kunya ga mai jingina, wanda ya fi shi daraja ya yi.

Ga mazhabar Imamu Malik, abin da Risala ta Ibnu Abi Zaidi da Muhtasar na Shaihu Halilu suka tattara shi ne wanga. Na ɗaya, jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓe ta a hannunsa, ko hannun amintacce da suka yarda da shi, shaidu kuma su ga karɓar da idonsu. Na biyu, abin da aka jinginar mallakar mai shi ne har yanzu, amfaninsa nasa ne, 'ya'yan itacen da kuɗin hayar gidan nasa ne, ciyarwa da gyara ma a kansa suke. Na uku, in abin ya ɓace hannun mai riƙo, aka duba irin abin da ake iya ɓoyewa ne kamar zinariya da tufa, to shi za shi biya, sai in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. In kuwa abin da ba shi ɓoyuwa ne kamar gida da dabba, ba a ɗora masa, sai an gane ƙaryarsa. Na huɗu, jingina ba ta nutsewa. Imamu Malik ya kawo wanga cikin Muwaɗɗa, ya bayyana cewa sharaɗin in ban biya ba ranar kaza abin ya zama naka, sharaɗi ne ɓatacce. In ajali ya cika aka kasa, sai a kai ga alƙali ko amintaccen da aka wakilta, a sayar, a biya mai bashi, abin da ya yi saura a maida wa mai kaya.

Fasali na biyu, cikin jinginar gona a ƙasarmu

To, auna wanga da abin da muke yi daga Dutsi zuwa Mashi, Mani, Sandamu da Ingawa. Bazara ta yi nisa, rumbu ya ƙare, ko rashin lafiya ta faɗo, ko aurar da 'ya ya matso. Mai gona shi tafi wurin mai hali shi karɓi rance, shi miƙa masa gona. Mai kuɗi shi noma ta, shi kwashe gero da dawa da wake, har kara da harawa, shekara da shekaru, ba ajali, ba takarda. Ranar da mai gona ya kawo kuɗin cif, ranar za shi ga gonarsa. In ya mutu bai kawo ba, sau da yawa magada su tarar an manta iyaka, shaidu sun ƙare, sai shari'a gaban alƙali.

Ga misali, ka lissafa da kanka. Mutum ya ranci naira 300,000, ya jinginar da gonar da ake hayarta naira 60,000 a shekara. Bayan shekara 5 mai kuɗi ya ci amfanin naira 300,000, bashinsa kuma na nan bai ragu da kwabo ba. Wanga kashi 20 ne cikin 100 kowace shekara. Da a takardar banki aka rubuta shi, da kowa ya ce a'uzu billahi. Da yake damin gero ne ke shiga rumbu, sai aka kira shi taimako.

Hukuncinsa a sarari yake. Shaihu Halilu ya halatta wa mai riƙon jingina shi sharɗanta amfani da ita in bashin na ciniki ne, an kuma ƙayyade muddar amfanin, domin a nan ciniki ne da haya suka haɗu, haɗuwarsu kuwa halal ce. Amma ya hana in bashin rance ne, domin rance ne da ya jawo amfani. In ka ce hadisin da ake kawowa da lafazin duk rancen da ya jawo amfani, malaman hadisi sun raunana isnadinsa, sai in ce gaskiyarka, amma ma'anarsa malamai sun haɗu a kanta, ta kuma tabbata daga sahabbai. Buhari ya ruwaito Abdullahi ɗan Salamu ya gargaɗi Abu Burda cewa in wanda kake bi bashi ya kawo maka kyautar kayan ciyawa ko na sha'ir, kada ka karɓa. Wanda aka hana wa ƙunshin ciyawa, yaya za a halatta masa gona da damina biyar?

In ka ce ai mai gona ya yarda, sai in ce yarda ba ta halatta kuɗin ruwa, kuma wanda yunwa ta kora ƙofarka yardarsa ta harshe ce. In ka ce hadisin Abu Huraira cikin Buhari ya ba mai riƙon dabba izinin hawa da shan nono, sai in ce wancan a madadin ciyarwar da yake yi ne, Imamu Ahmadu ya yi aiki da shi gwargwadon ciyarwa, jumhuru ba su yi ba, gona kuwa ba ta cin dusa. In ka ce sai mu kira shi saye, in ya maido kuɗi a maida masa, sai in ce wanga shi ne malamanmu ke kira cinikin sunya, sun hana shi in an sharɗanta cikin ƙulli. Wasu daga Hanafawan baya sun sauƙaƙa a cikinsa da sunan cinikin wafa'i, amma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana shi a zamanta na Jidda cikin 1992.

Babbar ɓarnar kuwa ita ce an karɓe wa mutum abin da za shi biya bashin da shi. Manomin da ba shi da gona ƙwadago za shi koma, ko shi tafi ci-rani. Baturiya Polly Hill ta zauna Batagarawa cikin 1967, littafinta ya fito 1972, ta nuna yadda talakan manomi ke sayar da hatsi da araha da kaka, shi saya da tsada da damina, shi bar gonarsa shi yi wa wani aiki, har ta kai shi ga jingina da sayarwa. Michael Watts ya yi bincike a Kaita ya bayyana makamancin wanga cikin littafinsa na 1983. Baƙi sun gani sun rubuta, mu kuwa littattafan da suka hana shi na cikin zaurukanmu tun kafin su zo.

Fasali na uku, cikin shagunan jingina na ƙasashen gabas

A Malesiya an buɗe shagon jingina na Musulunci na farko a jihar Terengganu cikin Janairu 1992, jihar Kelantan ta bi cikin shekarar, Bank Rakyat ya shiga cikin 1993. Sunan da suka ba shi Ar-Rahnu. A Indonesiya majalisar malamai ta ba da fatawa kan jingina da jinginar zinariya cikin 2002, gidan jingina na gwamnati, Pegadaian, ya buɗe reshen shari'a cikin 2003. Yadda ake yi, mutum shi kai zinariya, a auna, a ba shi rancen kamar kashi 60 ko 70 cikin 100 na ƙimarta, zuwa wata 6, ana iya ƙara masa lokaci. In ya kasa, a yi gwanjo a fili, a cire bashi, a maida masa saura.

Adalci ya wajaba ko ga abin da kake suka. Waɗanga mutane sun gyara abu huɗu da muka ɓata. Sun rubuta, sun sa ajali, ba su ci amfanin kayan ba, ba su nutsar da jingina ba. Mata masu ƙananan sana'o'i sun amfana ƙwarai, domin ba a tambayarsu takardar albashi ko mai tsaya musu.

Amma aibin ya shigo ta ƙofar da suka kira ladan ajiya. Sun ce rancen kyauta ne, sai dai za ka biya kuɗin tsare maka zinariya, suka kuma lissafa shi bisa ƙimarta. Ga misali da irin farashin da aka san su da shi. Zinariyar ringgit 1,000, rance 700, ladan ajiya sen 65 kan kowane 100 a wata. A wata 6.5 ke nan, a shekara 78, watau kusan kashi 11 cikin 100 na abin da ya ranta. To ina tambaya. Sarƙar da ta ninka wata tsada, ta ninka ta cin wuri cikin akwati? Mai gadi shina ƙara farkawa saboda ita? Kuma wa ke kai zinariyarsa ajiya nan in ba rance yake so ba? Wanga haɗa rance da ciniki ne cikin ƙulli ɗaya, Annabi kuwa ya hana, kamar yadda ya zo cikin Muwaɗɗa da Abu Dawuda da Tirmizi, haya kuma cinikin amfani ce.

Ba ni kaɗai na faɗi wanga ba. Majalisar shari'a ta babban bankin Malesiya da kanta ta yanke cikin 2019 cewa wanga tsari bai cika sharuɗɗan shari'a ba, hukuncin ya fara aiki ga bankunan da ke ƙarƙashinsa ranar 1 ga Fabrairu 2020. Allah shi saka musu da alheri a kan komawa ga gaskiya. Sai dai yawancinsu sun koma ga tawarruƙi, watau banki shi sayar maka da haja bashi da tsada, shi sayar maka da ita nan take da araha, shi miƙa maka kuɗi, kai ba ka ga hajar ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana wanga shiryayyen tawarruƙi a zamanta na Sharja cikin 2009. Mazhabarmu kuwa ita ce mafi tsanani wajen toshe irin wagga kafa, domin ƙa'idar malamanmu cikin cinikin ajali ita ce a dubi abin da ya fita daga hannu da abin da ya komo gare shi. In kuɗi kaɗan suka fita, kuɗi da yawa suka komo, hajar da ke tsakani ba a lissafa ta.

In ka ce to da me shago za shi biya ma'aikata da mai gadi, sai in ce da hakikanin abin da aka kashe. Waccan majalisa ta halatta wanga a zamanta na Amman cikin 1986, ta ce abin da ya ɗara hakikanin kashewa kuɗin ruwa ne. A lissafa albashi da hayar ɗaki da akwati, a raba kan masu ajiya, a manna lissafin a ƙofa kowa shi gani.

Fasali na huɗu, cikin maganar shigar da talaka harkar kuɗi

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idodin banki marar ruwa cikin 2011, bankin Jaiz ya fara aiki cikin Janairu 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, TAJ ya biyo cikin 2019, Lotus cikin 2021. Cikin 2012 aka ɗauki alkawarin rage waɗanda ba su da hulɗa da kowace irin ma'ajiyar kuɗi zuwa kashi 20 cikin 100 kafin 2020. Ƙidayar ƙungiyar EFInA ta 2020 ta samu kashi 36, ta 2023 ta samu kashi 26, amma a arewa maso yamma, inda muke, kusan rabin baligai ne. Saboda haka buƙata tabbatacciya ce, da yawa kuma tsoron kuɗin ruwa ne ya nisanta su, tsoro mai kyau.

Amma masu cewa shagon jingina shi ne magani sun tsallake abu uku. Na ɗaya, shagon gabas zinariya yake karɓa, talakan Dutsi kuwa dukiyarsa akuya ce da tunkiya, da garma, da damin gero, da 'yar gonar gado. Mai zinariya ba shi ne wanda aka bari a baya ba. Akuya tana ci tana mutuwa, ba ta shiga akwati. Gona kuwa dokar ƙasa ta 1978 ta sanya ta amana hannun gwamna, yawancin gonakin karkara ba su da takardar da banki ke karɓa. An yi dokar jinginar kayan da ke motsi cikin 2017 da rajistarta, amma manomin da bai san da ita ba, ba ta amfane shi ba.

Na biyu, jingina ba ta haifar da dukiya, tana juya wadda ke akwai ce zuwa kuɗi na ɗan lokaci. In an sa kuɗin a taki ko kiwo ko jarin ƙuli-ƙuli, ana sa ran su komo da ƙari. In an sa su a biki da kayan ɗaki na gasa, an sayar da kayan ne a hankali. Na uku, yawan masu asusu ba shi ne yawan masu wadata ba. Ma'aunin gaskiya shi ne, cikin waɗanda suka jinginar, nawa suka fanshi kayansu, nawa suka ci hatsinsu har sabo ya shigo. Wanda ya kawo maka ƙidayar rance bai kawo maka ƙidayar fansa ba, rabin labari ya kawo.

Fasali na biyar, cikin abin da ya kamata a yi

Na farko, waɗanda gonakin mutane ke hannunsu yanzu su ji tsoron Allah. A ƙimanta hayar gonar da kuɗi, shekara bisa shekara, a cire daga bashin. Masu sharhin Muhtasar sun halatta a cikin rance a sharɗanta cewa abin da jingina ta samar a lissafa shi cikin biya. Na ce da kuɗi, domin Imamu Malik ya hana hayar ƙasa da abinci ko abin da take tsirarwa. Wanda ya riga ya ci gwargwadon kuɗinsa shi maida gona yau, wanda ya ci fiye shi maida ƙarin ko shi nemi yafewa ta gaskiya.

Na biyu, duk jingina a rubuta ta, da ajali da iyakoki da shaidu biyu, a ajiye kwafi wurin limami ko mai unguwa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuwa togace 'yan'uwa da maƙwabta ba.

Na uku, jinginar da ta dace da mu ita ce ta hatsi. Maƙwabtanmu na Nijar sun jarraba ta tun daga 1999 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma su tara hatsi cikin sito ɗaya da kaka, a sa kwado biyu, mabuɗi ɗaya hannunsu ɗaya hannun mai ba da rance, su yi kiwo ko noman rani da kuɗin, su biya, su buɗe sito lokacin da hatsi ya yi tsada. Aibinsa can shi ne ana ɗora ruwa. In an cire ruwan, daidai yake da abin da Shaihu Halilu ya faɗa, cewa abin da ake aunawa, in an jinginar da shi hannun mai bashi, sai an rufe an buga hatimi domin kada shi taɓa. Sai dai a sani wata shekara farashi ba shi tashi, kada a yi wa manomi alkawarin abin da ke hannun Allah.

Na huɗu, jarin wanga aiki shi fito daga waƙafi. Malamanmu sun halatta waƙafin kuɗi domin a riƙa rantawa ana maidowa, asalinsa na cikin Mudawwana. Attajiran da ke cika kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, da ɗayansu ya tsayar da kuɗin bijimi biyu waƙafi, da gidaje da yawa sun riƙe gonakinsu, ladan kuma na gudana bayan ransa. Zakka kuwa ba a rantar da ita, mallakawa ake yi, amma wanda bashi ya danne shina cikin takwas ɗin da Suratut Tauba ta ambata a aya ta 60, a fanshi gonarsa da ita.

Na biyar, ɗan kasuwar da ke son riba ta halal ga salam nan. Shi biya kuɗi yanzu, shi karɓi hatsi da kaka, da mudu sananne da siffa sananniya da ajali sananne, kamar yadda ya zo a hadisin Ibnu Abbas, ba tare da an ɗaure shi ga gona ɗaya ba. Amma buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka, wanga kuɗin ruwa ne tsantsa.

Rufewa

Ya ku almajirai, ku ne za a tambaya gobe, a zaure da masallaci da gaban alƙali. In an kawo muku ƙulli mai sunan Larabci, kada sunan shi ruɗe ku, in kuma an kawo muku al'adar kakanni, kada tsufanta shi ruɗe ku. Ku tambayi abu uku. Wa ke cin amfanin kayan? Me mai kuɗi ke karɓa bayan uwar kuɗinsa, kuma a madadin me? In an kasa biya, wa ke ɗaukar saura? Wanda ke cikin ƙunci kuwa, Allah ya yi umurni a aya ta 280 ta Baƙara a jinkirta masa zuwa sauƙi, ya ce yafewa ta fi alheri. Allah ne Mafi sani.

Takarda ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Allah shi gafarta wa mai ita, da mai kwafa, da mai karantawa, da iyayenmu da malamanmu da dukan Musulmi. Allah shi yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.